Tafiya Mabuɗin Ilmi, To Ina Hanyar?

A hutun da ya wuce na je gida, can kudancin Katsina, na tarar da wani abokina malamin firamare yana gyaran akwatin littattafan makarantarsu, watau ɗan abin da gara da yoyon damina suka rage. Cikin tarkacen sai ga wani tsohon Ruwan Bagaja, bango ya tafi, shafin farko ya tafi, amma Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna nan ciki ba su fasa rikicinsu ba. Na ce masa ya ba 'yan aji shida su karanta. Sai ya dube ni, ya yi irin murmushin nan da ya fi kuka ciwo, ya ce shi kam ya daina karanta wa yara labarin tafiye-tafiye. Wai ina amfanin ka kwaɗaita wa yaro Tambutu da Bahar Maliya, alhali kuwa uwarsa ba ta yarda ya je Sheme cin kasuwa ba? A ganinsa yin haka tsokana ce, kamar a zauna gaban mai azumi ana suyar nama.

Ranar dai ban iya ba shi amsa ba, na yi shiru muka shiga wata hira. Amma tun da na komo makaranta maganar take ci mini rai, har na ga ya kamata in kawo ta gabanku, 'yan'uwana ɗalibai, da ku ƙananan ma'aikata da kuka riga mu fita, domin yawancinmu wani littafi ne ya fara raba mu da ƙofar gidanmu tun kafin mota ta ɗauke mu. Ni a nawa ra'ayin abokina ya yi kuskure. Sai dai kuskure ne na mai tausayin yara, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce, saboda haka wajibi ne a fara ba shi gaskiyarsa.

Wanda bai san yankin ba, to, ga fasalinsa. In ka taso daga Funtuwa ka nufi Gusau, za ka bi ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara, duk a ƙasar Faskari, kafin ka shiga Tsafe ta Zamfara. A Sheme ne hanya ke rabuwa ta yi Ƙanƙara, daga can ta miƙe Dutsin Ma har birnin Katsina. In kuwa Sabuwa za ka, sai ka bi ta Ɗandume, kana gangarawa wajen iyakar Birnin Gwari da Giwa. Ƙasa ce mai albarkar ruwa da masara da dawa da auduga, tana ciyar da garuruwan da ba su ma san sunanta ba. A kan waɗannan hanyoyi ne masifa ta sauka. A watan Yuni na 2020 'yan bindiga suka afka wa Kadisau ta ƙasar Faskari suka kashe mutane masu yawa. A daren 11 ga Disamba na wannan shekara suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara cikin daji a ƙasa, sai ranar 17 ga watan aka sako 344. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Funtuwa, cikin Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, aka yi watanni mutum bai jin muryar ɗan'uwansa sai ya yi tattaki. An yi zaman sulhu a wurare da dama a 2025, har da Faskari, amma sulhun da aka zauna yi da mai bindiga rataye a kafaɗa bai isa ya sa uwa ta saki hannun ɗanta da magariba ba. Yaron da ke aji shida yau bai san wani zamani ba sai wannan. Duk na yarda da abokina a nan.

Inda muka rabu shi ne a kan abin da ke cikin littattafan kansu. Ina zaton mun daɗe ba mu buɗe su ba, sai ɗan ɗanɗanon da ya rage mana na yarinta, shi ya sa muke ɗaukarsu labaran shaƙatawa na mutanen da duniya ta yi wa daɗi.

A 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Cikin littattafai biyar da aka buga daga gasar, uku labaran tafiya ne tsantsa, kuma duk ukun suna da igiya da Katsina. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, malami ne a Kwalejin Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, a wannan Kwaleji ya yi karatu. Abin lura ne ƙwarai a ce da aka fara ce wa Bahaushe ya ƙago labari ya rubuta, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne hanya. Ba mamaki kuwa. Jikan fataken da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja su komo da goro, ayari guda ya yi watanni bisa hanya ƙarƙashin madugu, jikan alhazan ƙasa da kan yi shekaru kafin su ga Makka, wasunsu ma su zaune a Sudan har yau, ai ba sai boko ya koya masa son tafiya ba. Abin da littafi ya ƙara shi ne ya shigo da tafiyar cikin aji, ya miƙa ta ga ɗan talakan da ba shi da jaki balle raƙumi.

To amma wace irin tafiya ce a ciki? Alhaji Imam ya fita da ƙafarsa, don kansa, neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke mijin uwarsa daga wulakanci. Wannan ita ce tafiyar da muke tunawa, mai ban dariya, mai sa yaro ya ji ƙafarsa na ƙaiƙayi. Shaihu Umar kuwa ba wanda ya yi shawara da shi. Yana ƙaramin yaro aka sace shi, ya faɗa hannun mahara, aka kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi zuwa ƙasar Masar. Uwarsa ta bi sawu tana cigiya, ita ma aka bautar da ita, aka yi ta ja da ita har bakin Bahar Rum, ba ta sake ganin ɗanta ba sai dab da ajalinta. Mu da muka karanta wannan littafi don cin jarrabawa, mun ɗauke shi tarihin wani zamani da ya shuɗe, muna haddace sunayen garuruwa. Iyayen da suka yi kwana shida a ƙofar makarantar Ƙanƙara suna jiran labari ba sa bukatar malamin adabi ya fassara musu halin da uwar Umar ta shiga. Wani abin da ke tayar mini da tsikar jiki ma shi ne, labarin Umar ya faro ne daga wani gari da ake kira Kagara. Kagara kuma shi ne sunan garin da aka haifi Abubakar Imam a 1911, a Jihar Neja ta yanzu, kuma a can ne aka kwashi ɗalibai daga Kwalejin Kimiyya ranar 17 ga Fabrairun 2021, wata biyu bayan na Ƙanƙara.

Ba a ƙagaggen labari kaɗai abin ya tsaya ba. Mafi tsufan labarin tafiya da muke da shi daga bakin Bahaushe zuwa Turai na wani yaro ne, Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bawa yana ƙarami. Aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Bajamushen nan Heinrich Barth har Tambutu, suka ƙetare hamada, ya shiga Landan a 1855. J. F. Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Akwai kuma Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a Giwa, maƙwabciyar Sabuwa, daga 1949 zuwa 1950, aka buga labarinta da Turanci a 1954. A ciki tsohuwar ta ba da labarin yadda mayaƙan Mai Sudan na Kwantagora suke faɗa wa ƙauyuka, a kwashi mata da yara a gona, dangi su bi su da kuɗin fansa, ana ciniki kamar na dabba. Duk wanda ya fito daga yankinmu ya karanta wannan sai ya ajiye littafin ya yi tagumi. Bari ma in ɗan ratse: Ganɗokin nan da muka sha sha'awa, muna kwaikwayon bugun gabansa a filin wasa, ai barden wannan Sarkin Sudan ɗin ne, Ibrahim Nagwamatse. Mun tashi muna tafa wa mai hari, ba wanda ya taɓa tambayarmu ina labarin waɗanda aka hara. Wannan kaɗai ya isa darasin mako guda a aji, in da mai koyarwa.

Saboda haka in aka ce kada a ba yaron Faskari waɗannan littattafai don za su tsokane shi, sai in ce ai shi ne ma ya fi kowa cancantar karanta su, don shi zai gane abin da mu muka tsallake. A cikinsu zai ga cewa abin da ya sami garinsu ya taɓa samun wasu, yana da suna, yana da mafari, kuma an taɓa ganin ƙarshensa. Zai ga yaro kamarsa da aka raba da uwarsa ya rayu har ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa. Ba na cewa wannan zai mayar masa da shanun ubansa. Amma yaron da ya san cewa an taɓa bin hanya lafiya, daban yake da wanda ya ɗauka haka Allah ya halicci duniya, daga gida sai gona, kafin la'asar a komo.

Wannan batu na biyu shi ya fi damuna. Tsoro in ya daɗe yakan zama ɗabi'a, har mutum ya daina jin an tauye shi. Tsuntsun da aka haifa a keji bai san yana da abin nema ba. Yaron da bai taɓa sha'awar zuwa ko'ina ba, ran da ya girma ba zai tuhumi kowa a kan hanyar da ta mutu ba, ba zai tambayi ɗan majalisa ba, ba zai tambayi shugaban ƙaramar hukuma ba, zai dai ce ƙaddara ce. Wanda kuwa littafi ya sa wa ƙaiƙayin ƙafa, kullum yana jin ana riƙe masa wani abu nasa, kuma irinsa ne ke damun masu mulki. Dubi Abubakar Imam kansa. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jirage a teku, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila cikin ayarin editocin Afirka ta Yamma, har da Nnamdi Azikiwe. Ba lokacin kwanciyar hankali ya jira ba. A can ya sadu da Lugga, ya gaya masa illolin mulkin da shi Luggan ya kafa a Arewa, ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, aka buga a 1944. Malam Aminu Kano ma, da ya ga Turai, ya rubuta Motsi Ya Fi Zama, aka buga a 1955, kowa kuwa ya san irin motsin da ya yi a ƙasar nan. Ba yawon buɗe ido suka je ba. Sun je sun ga yadda wasu ke zaune, suka komo da ma'aunin da za su auna gida.

Na san za a ce mini, ai sha'awar tafiya ita ce ke kwashe samarinmu. Gaskiya ne. Wasu sun bi ta Agadas sun nufi Libiya, kusan sawun da ayarin bayi suka bi a zamanin Shaihu Umar, wasu sun ƙare a hamada, wasu a gidan yari. Amma a tambaya, littafi ne ya tura su? Yunwa ce da rashin gonar da za a iya nomawa, sai kuma wayar hannu, wadda ke nuna wa yaro ɗan'uwansa tsaye gaban dogon bene da sabon takalmi, ba ta nuna masa daren da ya kwana a tasha ba. Littafi yana da wani mutunci da hoton waya ba shi da shi: yakan faɗi ƙishirwa da zamba da kewar gida, sa'an nan yakan komo da matafiyin. Alhaji Imam ya komo da ruwan. Umar ya komo ya zauna a Rauta yana karantarwa. Dorugu ma ya komo, a Kano ya rasu a 1912. Ban san wani littafin tafiya na Hausa da ya kai mutum wata ƙasa ya yar da shi can ya ce an ci nasara ba.

Yanzu sai in juyo kanmu, don laifin da ya fi girma namu ne, mu 'yan boko. Shekara casa'in ke nan muna karanta yadda Bahaushe ya ga Masar da Makka da Landan. Ina littafin da zai sa ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ya yi sha'awar ganin Faskari? A yau in ka ambaci Ƙanƙara ko Sabuwa a ɗakin kwanan ɗalibai, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne adadin gawa da kuɗin fansa, don a nan kaɗai suka taɓa cin karo da sunan. Alhali kuwa akwai abin rubutawa. Ga duwatsun ƙasar Faskari da kan yi kore shar da damina. Ga farar ƙasar Ƙanƙara da ake haƙa a kai masana'antu. Ga kasuwar hatsi ta Ɗandume inda manyan motoci ke lodin masara zuwa nesa. Ga tarihin auduga da jirgin ƙasan Zariya zuwa Ƙauran Namoda da ya raya Funtuwa tun wajen 1929. Kogin Sakkwato kansa a kusa da Funtuwa yake tasowa, ya bi ta Gusau, ya haɗu da Rima, ya faɗa Kwara, har teku; ruwan saman da ya sauka a gonakinmu ya fi yawancinmu ganin duniya. Ga kuma dajin Kogo, wanda a 2020, shekarar da aka kwashi yaran Ƙanƙara, Gwamnatin Tarayya ta amince a sa shi cikin sababbin gandayen daji goma na ƙasa, watau wurin da baƙi za su riƙa zuwa kallon namun daji. Mutanen da ke zaune gefen dajin da suka ji wannan labari ba su san ko dariya za su yi ko kuka ba.

Tsofaffin da suka san waɗannan wurare tun ana tafiyar dare da keke suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da yawansu ma a gidajen haya na Funtuwa da Katsina da Zariya, nesa da kushewar iyayensu. Akwai ƙauyukan da suka watse, in ba a rubuta sunansu da na rijiyoyinsu da na fadamunsu yanzu ba, nan da shekara ashirin ba mai iya nuna inda suke. Mu kuwa me muke yi? Ɗalibinmu na Sashen Hausa ya rubuta kundin digiri a kan salon Ruwan Bagaja karo na ba adadi, ya kwafe abin da na bara ya kwafe, alhali kakarsa na zaune da labarin da ya fi na Baba ta Karo. Ƙaramin ma'aikaci kuma, da zarar ya ji an tura shi Sabuwa, sai ya bazama neman wanda zai sa baki a mayar da shi hedkwata. Ba na zarginsa da son ransa, rai ba kaya ba ne. Amma wanda ya riga ya je, malamin makaranta ne, ko malamin asibiti, ko malamin gona, ko mai bautar ƙasa, me zai hana shi sayen littafin rubutu ya riƙa zuba abin da ya gani? Wa ya ɗauke shi a mota, nawa ya biya, shinge nawa suka wuce, me direba ya ce da suka zo kwanar da kowa ke yin shiru, me aka ba shi ya ci a gidan da ya sauka. Dorugu bai yi digiri ba. Abin da ya gani kawai ya faɗa, ga shi bayan shekara 170 muna ambatonsa. Ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ware shafi biyu a kowace fitowa ta wannan mujalla don irin wannan rubutu, kowa ya kawo labarin hanyar garinsu, a tara, wata rana a ɗinke.

Kafin in baro gida na koma wurin abokina. Ban ce na rinjaye shi ba, don har yanzu yana kan bakansa a kan Ruwan Bagaja, wai sai ya sami mai bango. Amma mun daidaita a kan abu guda: ya sa 'yan ajinsa kowa ya rubuta labarin tafiya mafi nisa da ya taɓa yi. Kwanan baya ya bugo mini waya ya ce sun rubuta. Biyu sun taɓa zuwa Kano, ɗaya ya raka ubansa asibiti Zariya, da yawa ba su wuce Funtuwa ba. Wata yarinya kuwa ta cika shafi huɗu da labarin daren da suka baro ƙauyensu a ƙasa, tana goye da ƙanenta, ta lissafa kowane rafi da suka ƙetare da sunansa, har da wurin da takalminta ya tsinke. Ya ce ya ɗauki jan biro zai gyara mata kurakuran rubutu, ya karanta sau biyu, ya mayar da biron aljihu. Na roƙe shi ya nemi izinin iyayenta ya aiko mini da takardar, in kai wa Edita.